Soson da Ba a Wankewa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labarin, domin a cikinsa akwai yarinyar da ta ɗaga wa mahaifiyarta murya, kuma a kan soso. Sai na ga in ban faɗa ba, yayanta ne zai ci gaba da faɗa, shi kuwa ba ya ba da labari sai ya ƙara masa gishiri.

Umma ta ƙarar da ƙuruciyarta tana goge ɗakin tiyata a asibiti. Da ta yi ritaya sai aka bar ta da ɗakunan kwana, falo da kicin, da kuma ƙarfin da bai san an yi ritaya ba. To a kansu ta sauke shi. Furannin da ke jikin farantan gidan sun daɗe da gogewa. Rimot ɗin talabijin babu sauran lamba a jikinsa, kowa da ka yake dannawa. Yaya, wanda direban motar raba kaya ne, yakan gargaɗi abokansa tun daga bakin ƙofa: "Kada ka daɗe zaune wuri ɗaya, za a haɗa da kai a goge." Tafin hannun Umma ya yi fari ya tsattsage, kuma ko turare ta shafa, warin bilic ne yake riga ta shiga ɗaki.

Auta ita ce ƙaramar gidan. Tana aiki a shagon wani tela, ita ce mai saka maɓalli da kalmasa bakin riga da hannu. Aikin ya dace da ita, domin kai a sunkuye ake yin sa, kuma maɓalli ba ya tambayar mutum me ya sa ba ya magana. In mai ɗinki ya yi mata tambaya, sai ta yi murmushi ta kalli tela. In mai shayi ya cika mata sukari har ya yi ɗaci, sai ta shanye ta ce ya yi daidai.

Shagon da ke jikin nasu na mai sayar da kifin ado ne, wani dattijo da kullum hannun rigarsa ɗaya a jiƙe yake. Lokacin hutun rana Auta takan tsaya a bakin ƙofarsa da burodinta a hannu tana kallo. A ƙarshen kanta akwai jerin kofunan roba, kowanne da kifi guda a ciki, domin in aka haɗa biyu sai ɗaya ya ga bayan ɗaya. Beta ake ce musu. Ana saye ana kawo wasu, sai guda ɗaya da ya ƙi tafiya, shuɗi mai jan bakin jela, jelar ta yage ta gefe. Auta takan kalli yagewar da idon sana'a, tana ayyana irin zaren da zai dace.

Ran nan Mai Kifi ya ɗauko kofin ya dangwara mata a hannu.

"Ɗauki abinki, 'yata. Kin kalle shi har ya fara zaton ke ce uwarsa."

Auta ta buɗe baki za ta ce ba ta da wurin ajiyewa, sai ta ji bakin ya ce, "Na gode, Baba."

"Amma kofi ba gida ba ne," in ji shi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani akwatin gilashi da ya ɗan ɓantare a kusurwa, ya ce wannan gyara ne. Ita ta sayi tsirrai, fitila da ɗan injin iska. Ya ƙulla mata baƙar ƙasa a leda, tsakuwa a wata ledar, ya ɗora guntun itace da sabon soso a kai.

"Saurara da kyau. Ƙasa a ƙasa, tsakuwa a kanta. Ki dasa tsirran, ki zuba ruwa a hankali a kan faranti don kada ya tone miki shuka. Soson nan ki jona shi da injin, ruwa zai riƙa bi ta cikinsa. Daga nan ki ƙyale shi. Wata guda, ko ya fi. Kifi ba zai shiga ba."

"Ba zai shiga ba?"

"Zai jira a kwalba, kina canja masa ruwa. Shi kuwa akwatin, kullum ki jefa masa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki."

Auta ta ɗago ta kalle shi, ko zolaya ce.

"Kifi a cikin ruwan da yake sha yake bayan gida," in ji Mai Kifi. "Akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ne suke cinye dafin. Sabon akwati babu su. Sai sun zo sun tare a cikin soso da tsakuwa, sun hayayyafa. Su kike kiwo tukuna, ba kifi ba. Ruwan zai yi hazo, itacen zai yi yauƙi, soson zai yi baƙi. Duk alheri ne. Abu ɗaya kawai: kada a wanke. Sabulu ko inuwarsa kada ta faɗa ciki."

Auta ta ce to. Sai da ta kai rabin hanya, rungume da akwatin, sannan ta tuna gidan da za ta kai shi.

Ranar hutunta ta haɗa shi, a kan ɗan teburin da ke jikin tagar ɗakinta. Tsirran suka yi ta ba ta wahala, ta dasa wannan, wancan ya tuge ya taso sama yana yawo. Akwai guda mai faɗin ganye da Mai Kifi ya ce ba a binne saiwarsa, a jikin itace ake ɗaure shi. Wannan kam ta same shi a sana'arta: ta ɗauko zaren maɓalli ta yi masa ɗaurin da ko tela ba zai kushe ba. Da ta kunna fitila da injin, ƙananan kumfa suka fara tashi daga soson, sai ta ja baya ta zauna a bakin gado. Ba ta taɓa yin wani abu tun daga farko har ƙarshe ba wanda ba rigar wani ba ce.

Yaya ya leƙo yana cin ayaba.

"Ke Auta, ina kifin?"

Ta nuna kwalbar da ke gefe.

"To wannan fa?"

"Gidansa ne."

"Shi yana kwalba, gidansa yana nan babu kowa. Lallai kifin masu hali ne." Yana rufe baki ya ga ta marmasa abinci ta barbaɗa a ruwan. "Wa kuma kike ba abinci?"

"Ƙwayoyi."

"Umma! Zo ki gani, Autarki ta fara kiwon aljanu!"

Umma ta zo da tsumma a kafaɗa. Ba ta kalli tsirran ba, ba ta kalli fitilar ba. Baƙin layin da ke ƙarƙashin tsakuwa ta ƙura wa ido.

"Ƙasa ce wannan?"

"Eh, Umma."

"A cikin ɗaki."

"Eh."

"Da gangan."

A nan ne ya kamata Auta ta faɗi abin da Mai Kifi ya faɗa. Ta tattaro maganar har ta kawo ta maƙogwaro. Sai dai maganar tana da kalmar ƙwayoyi a ciki, Umma kuwa da ƙwayoyi ta yi yaƙi duk rayuwarta, har aka ba ta agogon bango a kai. Auta ta haɗiye, ta yi murmushi.

Komai ya tafi yadda dattijon ya ce. Ruwan ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara, sannan ya washe ya koma kalar shayi. Itacen ya yi wani farin yauƙi. Wasu ganyayen suka narke, sababbi suka leƙo a gindinsu. Auta takan ɗebi ruwan a 'yar kwalbar magani ta kai shago, Mai Kifi ya ɗiga masa wani abu, ya ɗaga shi sama yana duba launin.

"Baƙinki sun fara sauka," ya ce da ita wata rana. "Ki ƙara haƙuri kaɗan."

A ranar ta dawo gida da saurinta. Tun daga falo ta ji warin. Ta tura ƙofar ɗakinta, sai ga akwatin yana ƙyalli, ruwansa garau kamar babu ruwa. Tsakuwar ta yi fari tas. Ƙasar babu ita, babu labarinta. An kankare itacen har ya yi haske, tsirran kuma an ɗauraye su an jera a kan tawul, daga dogo zuwa gajere. Soson yana rataye a taga da maƙalin shanya.

Umma ta tsaya a bayanta tana shafa mai a hannu.

"Na ga kina dawowa a gajiye, shi ya sa ban ce miki komai ba. Sai da na canja ruwa uku kafin tsakuwar nan ta yi hankali. Wancan zaren ma na kwance shi, ya shaƙe ɗan ganyen."

Fuskarta cike da annuri, irin wanda Auta ta daɗe ba ta gani ba tun da aka daina saka fararen takalman asibiti.

"Sannu da aiki, Umma," in ji Auta. "Na gode."

Washegari Mai Kifi ya sunsuni soson ya yi tari.

"Wannan ai ko aljanin gaske ba zai zauna a cikinsa ba. Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Ummata. Taimako ta yi."

"To ki gaya mata ta daina taimako." Ya ba ta wani soson da wata ƙasar, ya ce ta jiƙa tsakuwar da itacen ta yi ta zubarwa har warin ya fita. "An koma farko ke nan. Ki gaya wa mutumin kwalba ya ƙara zama."

Auta ta yi ta gwada maganar a shago, kanta a sunkuye. Ta gaya wa maɓallan wata farar riga tun daga wuya har ƙasa, kowanne da irin lafazinsa, kuma babu wanda ya ji haushi. Da ta isa gida ta ga Umma, sai maganar ta narke. Ta je wajen Yaya, yana kwance yana danna waya.

"Yaya, ka gaya mata mana. Kai tana jin maganarka."

"In gaya wa Umma tsabta ta yi yawa?" Ya ajiye wayar a ƙirji. "Auta, ni fa ina da sauran buri a duniya."

Sai ta yi dabara. In za ta fita takan lulluɓe akwatin da wani tsohon labule, ta ɗora kwandon zarenta a kai, kamar ba komai a wurin. Dabarar ta yi aiki har ruwan ya sake yin hazo ya sake washewa, har sababbin ganyaye suka fito. Abin da Auta ba ta lissafa ba shi ne, labule ma abin wanki ne. Umma ta zo ɗaukarsa, ta ga abin da ke ƙarƙashi.

"Wannan karon ban sa bilic ba," ta ce da ita da yamma, da muryar mai lallashi. "Na lura wancan karon kamar warin bai yi miki ba. Tafasa soson da tsakuwar kawai na yi. Kuma ki daina ɓoyewa don kunya, ƙazanta ba abin kunya ba ce in an samu mai wankewa."

"Na gode, Umma."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta durƙusa gaban kwalbar. Kifin yana kwance a ƙasa, fikafikansa a tsuke kamar lemar da aka naɗe. Shuɗin jikinsa ya koɗe, ya zama kamar rigar da ta sha wanki. Yagewar jelar ta ƙaru, bakinta ya yi baƙi. Da can in ta matso yakan taso ya buɗe jiki yana hura hanci, shi a dole mafaɗaci. Yau abincin ya sauka a gaban bakinsa, bai ko juya ba.

Washegari Mai Kifi ya daɗe yana kallon hoton kifin a wayarta.

"Kwalba ta ishe shi. Ba zai kai wani watan ba." Ya tsotsi haƙori. Sannan ya naɗe busasshen hannun rigarsa, ya wuce can ƙuryar shagon inda wani tsohon akwati yake, wanda tsirrai suka cika shi har ba a ganin kifin ciki. Ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro wani abu baƙi ƙirin, mai yauƙi, yana ɗigar da ruwan laka. Warinsa kamar gindin kududdufi.

"Tun kafin telanku ya kama shagon nan soson nan yake cikin ruwa. Gari guda ne a cikinsa. Ki sa shi yau, kada ya bushe, kada ruwan famfo ya taɓa shi. Kwana kaɗan kifinki ya tare." Ya saka shi a leda da ruwansa, ya ƙulle. "Ban taɓa ba kowa ba, kuma ba ni da wani. 'Yata, magana ɗaya ce fa. Uwa ce, ba damisa ba."

Auta ta riƙo ledar da hannu biyu har gida.

To gidan yana da doka. Duk wanda ya shigo daga waje, sai ya ajiye abin da ya riƙo a kan kantar takalma, ya wuce ya wanke hannu har gwiwa, yadda masu tiyata suke yi. Auta ta tashi a cikin dokar, jikinta yana bin ta ba sai ta yi tunani ba. Ta ajiye ledar, ta shiga banɗaki, ta murza sabulu tsakanin yatsu, ta ɗauraye. Da ta fito, kanta babu leda.

A bayan kicin ta same ta, wurin wanki. Umma ta saka dogayen safar hannunta na roba, ta ɗaure hanci da ƙyalle. A gabanta bokiti yana tururi, warin bilic yana yaji a ido. Ta riƙe soson da yatsu biyu, nesa da jikinta, daidai saman bokitin. A idonta babu faɗa, tausayi ne zalla.

"Wa ya ba ki wannan, 'yar nan? Sun ga ba kya magana, shi ya sa suke haɗa ki da shararsu. Bari in gyara miki shi."

"Umma ki ajiye shi!"

Muryar ta daki bango ta dawo. Auta da kanta ta waiga ta ga ko wani ne. Amma bakin da ya daɗe a rufe, in ya buɗe ba ya sanin inda ake tsayawa.

"Ki ajiye! Ke ce kike kashe shi! Sau biyu ina raya abu kina kashewa! Duk abin da kika taɓa sai kin kashe shi da wanki! Ba a son tsabtarki a nan!"

Yaya ya fito daga kicin da cokali a baki, ya tsaya kamar an dasa shi.

Umma ta kalli soson, ta kalli Auta. A hankali ta mayar da shi cikin ledar, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ƙulle bakin, ta miƙa mata. Ta zare safar, yatsa bayan yatsa, ta sauke ƙyallen hancinta.

"Duk shekarun da na yi a ɗakin tiyata," ta ce, "babu wanda ya taɓa cewa hannuna ya kashe wani abu." Ta rataye safar a ƙusa. "To. Allah ya ba ki haƙuri."

Da Umma ta zage ta, da ya fi sauƙi. Auta ta tsaya da ledar a hannu har ruwan bokitin ya daina tururi. Sannan ta tuna an ce kada ya bushe, ta wuce ɗaki tana share ido da kafaɗa, ta jona soson.

Ba ta bari rana ta faɗi ba sai da ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri. Umma tana ninke kaya, ta ce, "Ba komai. Ai gaskiya kika faɗa." Ta ci gaba da ninkewa. An yafe, an rufe, babu ƙofar da za a sake shiga ta ciki.

Tun daga ranar Umma ba ta ƙara taka ɗakin Auta ba. Takan goge falo da baranda, in ta zo bakin ƙofar sai ta ja tsumman a miƙe ta juya. Ba a daɗe ba aka fara ganin layin da ido: ta waje tayil yana ƙyalli, ta ciki yana nan dai kamar na sauran mutane.

Akwatin kuwa bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Mai Kifi ya ɗaga 'yar kwalbar gwaji ya yi dariya, ya ce a kai ango gidansa. Auta ta saka kwalbar kifin a cikin akwatin tana iyo, har sanyin ruwan biyu ya zo ɗaya, sannan ta karkata ta. Kifin ya zame ya nutse, ya laɓe ƙarƙashin ganyen nan mai faɗi, wanda ta sake ɗaurewa da zare. Ya daɗe a wurin. Can sai ya leƙo, ya zagaya itacen, ya shiga tsakanin tsirrai ya fito ta ɗaya gefen. Ya ci karo da inuwarsa a gilashi, ya tsaya, ya buɗe yagaggiyar jelarsa iyakar buɗuwarta, zai yi faɗa.

Auta ta juya da sauri za ta ce a zo a gani. Yaya ne kaɗai a bakin ƙofa.

"Gida ya yi kyau," in ji shi. "Sai dai an saye shi da tsada."

Kifin ya fara ci. Shuɗin ya dawo, bakin jelar ya fara fitar da sabon nama, siriri kamar leda. Duk abin da Auta ta roƙa ta samu, kuma ba ta taɓa jin ɗakin ya yi mata faɗi haka ba. Sai yanzu ta san abin da safiyarta take ɗauke da shi. Da can, kafin ta gama farkawa, Umma takan banko ƙofa da bokiti, ta ce, "Ɗaga ƙafa." Tana gogewa tana mita: ga zare a ƙasa, ga zare a filo, wai ke a shagon kike kwana? Daga mita ta zarce labarin mafarkin da ta yi, ko na wani likita mai mantuwa da ya taɓa neman tabaransa alhali suna goshinsa. Auta tana naɗe a kan gado tana cewa uhm. A duk duniya wannan ce kaɗai hirar da ake yi da ita ba a jiran ta ba da amsa. Yanzu Umma takan ce mata "Sannu da zuwa" da "A dawo lafiya," da ladabi, kamar 'yar haya.

Auta ta yi abin da ta ga ya dace. Ta sayo nata tsumman, ta riƙa tashi da wuri tana goge ɗakin, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, kan taga, har tayil ɗinta ya kamo na falo. Takan bar ƙofar a buɗe don a gani. Umma ta gani. Ta tsaya da bokitinta, ta dubi ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce, "Ya yi." Ranar ko abincin rana Umma ba ta ci ba.

"Ke dai ba ki da dabara," in ji Yaya, yana ɗaure takalmi. "Kin kore ta daga akwati, yanzu kin nuna mata ɗakin ma ba a bukatarta. Saura ki fara wanke mata hannu."

Wata rana aka ɗauke wuta a shago, tela ya sallame su da wuri. Auta ta ajiye jaka a kantar takalma, ta wanke hannu, ta nufi ɗaki. Sai ga Umma a bakin ƙofar, yatsun ƙafarta daidai kan layin, hannuwanta biyu a goye a baya kamar mai tsoron kada su yi gaban kansu. Ta miƙa wuya tana kallon akwatin. Da ta ji motsi ta yi firgigit.

"Wannan kumfar da ke saman ruwan," ta ce da sauri, "ba ni ba ce. Ban shiga ba. Ko wucewa ban yi da sabulu ta nan ba."

Auta ta leƙa. A kusurwar akwatin, ƙarƙashin wani ganye da ke iyo, farar kumfa ta taru, ƙanana ƙanana, a manne da juna. Kifin yana ƙasanta yana gadi. Yana tasowa ya ɗebi iska, ya koma ya tofa ƙwaya ɗaya, ya gyara mata zama.

"Na sani, Umma. Shi ya yi ta, da bakinsa. Baba mai kifi ya ce sheƙa ce. In sun samu lafiya, wuri ya yi musu, haka suke yi."

"Kumfa yake yi."

"Eh."

"Babu sabulu."

"Babu."

Umma ta daɗe tana kallo. Kifin ya tofa wata, ya ja baya ya duba aikinsa, bai gamsu ba, ya tura ta gefe.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Yana da tsari dai, ƙazamin." Ta ƙara miƙa wuya. "Gilashin nan ta waje akwai shatin yatsa, ga wani can ma wajen..." Sai ta datse maganar. Ta gyara tsumman kafaɗarta. "Ba ruwana."

Ta wuce kicin. Auta ta bi bayanta da kallo, bakinta cike da magana, kuma ta san halin bakin nan: ko ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe ya yi ɓarna.

Washegari da safe ba ta taɓa tsummanta ba. Ta je kicin ta haɗa shayi a babban kofi, ta cika masa madara da sukari yadda zai yi danƙo. Ta dawo ɗaki, ta ba kifin abincinsa, ta duba nisan teburin don kada ya fantsama can. Sannan ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta karkata kofin, tana bin ruwan da ido har ya malala ya tsallake layin bakin ƙofa. Ta kwantar da kofin a ƙasa a gefensa, ta hau gado, ta naɗe ƙafafunta.

"Umma," ta kira, da muryarta ta kullum, sai da ta maimaita kafin a ji. "Umma, na yi ɓarna."